Digiri na Biyu ko Bakin Rijiyar Mai: Yadda Na Auna Su Kafin Na Zaɓa

Tun daga ranar 22 ga Nuwamba 2022, da Shugaba Muhammadu Buhari ya je Kolmani ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a kan iyakar Bauchi da Gombe, duk wanda ya karanta ilimin ƙasa da duwatsu a garin nan na Bauchi ya zama abin tambaya. A ƙofar masallaci, a wurin ɗaurin aure, a majalisar mai shayi, maganar ɗaya ce: "To ku yaushe za a ɗauke ku?" An ji a rediyo cewa akwai ɗanyen mai sama da ganga biliyan ɗaya a wurin, don haka mutane suka ɗauka kakarmu ta yanke saƙa.

Ni a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) na yi digirina a wannan fanni, na gama hidimar ƙasa a 2023. Muna ɗalibai an kai mu mun ga dutsen Bima, mun shiga ramin farar ƙasa na Ashaka, mun leƙa ma'adinin kwal na Maiganga, kuma tun a lokacin na san ina son wannan ilimi da gaske. Bayan na dawo gida sai hanyoyi biyu suka buɗe mini kusan lokaci guda. Wani malamina ya sanar da ni cewa wata jami'a a yankinmu za ta ɗauki mataimakan malamai, mutum yana koyarwa yana digirinsa na biyu. Wani kuma da ya riga ni gamawa, yana Fatakwal, ya kira ni ya ce ƙaramin kamfanin da yake wa aiki yana neman waɗanda za su riƙa duba ɓarɓashin dutse a bakin rijiya, aikin da ma'aikata ke ce wa mod-login.

Da Kolmani na fara, kamar kowa, domin wa zai ƙi aiki a Alkaleri, inda rijiyar take, ya yi Juma'a a gida? Bincike kaɗan ya sa na sauke wannan buri. Kamfanin Shell ne ya haƙa rijiyar Kolmani ta farko a 1999. Ta biyu sai a Fabrairu 2019 aka fara ta, aka sanar da samun mai a Oktoba na shekarar. Shekara 20 ke nan tsakanin rijiya da rijiya. Kuma matakin neman mai daban yake da matakin fitar da shi kasuwa. A matakin nema, injin haƙa yakan zo da ma'aikatansa da suka saba da juna, ya yi watanninsa, a kwance shi a tafi. Ayyukan da ke ɗorewa sai an gina wurin tace mai da bututu da sauran su. Ina fatan a kai can, kuma dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin ɗari na ribar mai da gas ta NNPC don neman mai a irin yankunanmu. Amma mai neman abin da zai ci bana ba zai jingina da wannan ba. Idan aikin mai nake so yanzu, to kudu zan nufa.

Sai na sami littafin rubutu na raba shafi biyu, na fara tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya. Abin da na fara ganewa shi ne yawancinmu ba mu san abin da muke kwatantawa ba.

Idan aka ce "aikin mai" a Bauchi, hankali yana tafiya ne ga ma'aikacin dindindin na NNPC ko na manyan kamfanonin waje, mai gida da mota da asibiti kyauta. Waɗannan suna nan, amma ƙalilan ne, kuma dubbai ke rububin gurbi ɗaya. A bakin rijiya kamfanoni ne bene-bene. Akwai mai rijiyar, akwai mai injin haƙa, akwai masu haɗa laka, masu zuba siminti, masu auna cikin rami, masu dafa abinci. Da yawa daga cikinsu ma ba su ɗaukar ma'aikaci kai tsaye, sai ta hannun ɗan kwangilar da ke samar da ma'aikata. Mutum biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa cikin kaya iri ɗaya, abin da ɗaya ke ɗauka a wata ɗayan sai ya yi watanni bai haɗa shi ba. Ƙungiyoyin ma'aikatan mai, PENGASSAN da NUPENG, sun daɗe suna kuka da wannan tsari na aikin wucin gadi. Ƙofar da aka buɗe mini ta can ƙasan benen ce.

Haka ma karatun. A ƙasar nan ɗalibin digiri na biyu ba a biyansa, shi ke biya. Kuɗin makaranta nasa ne, kuɗin zuwa daji ɗebo samfuri nasa ne, haka na gwaji, haka na buga kundi. A fanninmu gwajin ne ke karya mutum: yanka dutse siriri don a duba shi a madubi mai ƙara girman abu, ko auna sinadaran da ke cikinsa, sau da yawa sai ka aika wani gari, wani lokaci ma wata ƙasa, kuma kowane samfuri da farashinsa. Saboda haka karatun ba ya zama abin kwatantawa da aiki sai an haɗa shi da albashi ko tallafi.

Na duba tallafin. Asusun PTDF, wanda aka kafa tun 1973, yana ɗaukar nauyin karatu a gida da waje a fannonin da suka shafi mai, kuma na cike fom ɗinsa. Masu nema sun yi yawa, sunana bai fito a wannan zagayen ba. Tallafin asusun TETFund kuwa na waɗanda suka riga suka zama malaman manyan makarantun gwamnati ne, kuma bayan karatu sai ka dawo ka yi wa makarantarka aiki na wasu shekaru. Na leƙa waje da kaina. A Ingila ɗalibin digirin digirgir da hukumar bincike ta ƙasar ta ɗauki nauyinsa yana karɓar fam 18,622 a shekarar karatu ta 2023/24. Idan ka juya shi zuwa naira sai kanka ya yi jiri, amma kuɗin haya da abinci na can ne za su ci shi, ba na unguwar Gwallameji ta Bauchi ba. Digiri na biyu kuwa yawanci kai za ka biya, kuma daga Janairu 2024 an hana irin waɗannan ɗalibai tafiya da iyali. Ga shi dala, da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yuni 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin jarrabawar Turanci da na cike fom kaɗai sun fi ƙarfin aljihuna. Jami'ar Sarki Fahad ta man fetur da ma'adinai da ke Dahran a Saudiyya ta fi kwanta mini, don tana ba ɗalibanta na gaba da digiri alawus, na ajiye ta a raina zuwa gaba.

Ya rage saura biyu na haƙiƙa: mataimakin malami, ko mai duba dutse a kwangila.

Na je gidan malamina bayan la'asar. Mutum ne da ba ya rufa-rufa. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan ɗanka ne ni, me za ka ce mini?"

Ya ce, "Zan ce ka zo, don muna buƙatar irinku. Amma ba zan ɓoye maka ba, albashin dubu ɗari ne da 'yan kai, kuma daga ciki za ka yi karatun. Za ka yi makin takardun aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ka kai yara daji, ka tsaya a jarrabawa, sai dare ka buɗe naka littafin. In ka jure, a shekara goma kana iya zama dakta, babu mai korarka don farashin mai ya faɗi. Ka dai tuna 2022."

Ban manta ba. Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na shekarar ASUU tana yajin aiki, wata takwas, aka riƙe albashi. Sai a 2024 aka biya na wata huɗu daga ciki. Kafin nan an yi na 2020, wata tara. Na san malaman da suka sayar da mota, na san waɗanda gona ce ta riƙe su. Wanda ke tsakiyar digiri na biyu kuwa hasararsa biyu: ba albashi, karatu kuma ya tsaya cik, shekara biyu ta zama huɗu. Duk da haka aikin jami'a yana da abin da ba a saye da kuɗi. Farfesa sai ya kai 70 yake ritaya, sauran malamai 65. Kana kwana a gidanka, kana jana'izar maƙwabcinka, 'ya'yanka sun san fuskarka. Kuma tambayar da kake bi a bincikenka taka ce, kai ka zaɓe ta.

Daga nan na koma kan abokina na Fatakwal, na ce ya bar ba ni labarin watan da ya fi samu, ya turo mini takardar albashinsa ta watanni a jere. Allah ya saka masa, ya turo. A nan na ga yadda abin yake. Albashin gindi kaɗan ne, bai ma kai na mataimakin malami ba. Kuɗin yana cikin alawus na kwana, wanda ake lissafawa a kan kowace ranar da ka kwana a bakin rijiya. Watan da kake fili, abin da zai shigo ya kusa ninki huɗu na albashin jami'a. Watan da kake gida, sai na gindin kawai. Da na tara na shekara na raba gida 12, sai ninki huɗu ya dawo ninki biyu da ɗoriya. Shi ma sai in injin bai tsaya ba. Idan rijiya ta ƙare ba a sami wata ba, ko mai rijiyar ya jinkirta biyan kamfani, kana iya yin wata uku kana jiran waya. Waɗanda suka daɗe a harkar ba su manta 2014 zuwa 2016 ba, lokacin da ganga ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30, aka kwance injuna aka sallami mutane. A Afrilu 2020 ma haka aka sake yi. Aikin haƙa shi ake fara tsayarwa in kasuwa ta lalace, ɗan kwangila kuma shi ake fara sallama.

Na lissafa sa'o'i ma. Tsarin da aka ce mini shi ne kwana 28 a fili, 28 a gida, awa 12 kullum, ba Asabar ba Lahadi. Awa 336 ke nan a zagaye ɗaya. Ma'aikacin ofis mai awa 40 a mako yana yin 320 a cikin waɗannan makonni takwas. Ashe yawan aikin kusan ɗaya ne, an dai matse shi ne wuri guda, sannan a ba ka wata cur naka. Wannan watan ya yi nauyi a ma'aunina, domin mataimakin malami ba ya samun irinsa.

A gida ra'ayi ya rabu. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, a wurinsa aikin da ba fansho ba aiki ba ne. Ya ce, "Kai yaro ne, kuɗin yau kake gani. Ni ina duba ranar da gwiwa za ta ƙi." Umma ba lissafi take ba, tsoro take ji. Ta tuna abin da ya faru a Magumeri a Yuli 2017, lokacin da aka yi wa ayarin masu neman mai kwanton ɓauna, ciki har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, aka rasa rayuka aka sace wasu. Na ce mata, "Umma, ai waɗanda abin ya rutsa da su har da mutanen jami'a. Wannan ilimin namu duk ta inda ka bi, daji za ka shiga." Ta yi shiru, ba don ta gamsu ba. Yaya kuwa cewa ya yi in tafi, ga ƙannenmu a makaranta, ga maganar aurena da aka fara, ga buhun shinkafa da masara sun tashi tun da aka cire tallafin mai.

Maganar Baba ce ta sa na koma wa kamfanin da tambayoyi a rubuce kafin in amsa. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, ta kuma wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki ta hannun hukumar NSITF. Na tambaye su: wa ke ɗauka ta, ku ko ɗan kwangila? Za a buɗe mini asusun fansho? Wane asibiti zan je, kuma ya haɗa da mata in na yi aure? Wa ke biyan kuɗin mota daga Bauchi? Ranar tafiya tana cikin kwanakin alawus? Wa ke biyan horon kariya? Wasu amsoshin sun yi daɗi, wasu ba su yi ba. Fansho da asibiti suna cikin takarda. Kuɗin mota daga Fatakwal kawai suke lissafawa, ni ke kawo kaina daga Bauchi, tafiyar da ke cin yini da dare ta Jos da Akwanga da Lafiya da Makurɗi da Inugu. Horo za su biya, amma in na bar su kafin shekara biyu sai in mayar.

Abin da ya yanke mini hukunci a ƙarshe shekaru ne. Kamfanonin mai suna sa iyakar shekaru ga sababbin shiga, yawanci ƙasa da 30, kuma daga baya abin da suke tambaya shi ne rijiya nawa ka tsaya a kanta. Jami'a ba ta korar ɗalibin digiri na biyu don ya kai 35. Ɗaya ƙofar tana rufewa da wuri, ɗayar tana jira. Na koma wurin malamina na faɗa masa cewa na zaɓi aikin rijiya. Ya ce, "Allah ya sa albarka. Ka riƙa rubuta abin da ka gani, kada ka zama mai wanke dutse kawai."

Gwajin lafiya aka fara yi mini, ido da kunne da huhu da jini. Sai horon kariya, wanda ya haɗa da kashe gobara, da sanya abin shaƙar iska, da sanin iskar nan mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa hanci ma ba ya jin ta. Da yake wasu rijiyoyin a cikin ruwa suke, sai da aka koya mana fita daga jirgi mai saukar ungulu idan ya faɗa teku. Ana ɗaure ka a kujera cikin wani akwati mai siffar jirgin, a nutsar da shi a tafki, a kifar da shi. Ruwa ya cika maka hanci, sama ta koma ƙasa. An ce ka ɗora hannu ɗaya a kan taga, ɗaya a kan maɓallin bel, kada ka kwance sai akwatin ya daina juyawa. Ga wanda ya tashi a Bauchi bai saba da ruwan da ya wuce ƙirji ba, waɗannan daƙiƙu suna da tsawo. Na fito da takardar, tana aiki shekara huɗu.

Rijiyar farko da aka tura ni a kan tudu take, cikin dajin kwakwar manja. Ofishinmu kwantena ce mai sanyi cike da kwamfutoci, mu biyu da rana biyu da dare. Aikin shi ne wannan: ana tura laka ta cikin bututu zuwa ƙasan rami, ta dawo sama ɗauke da ɓarɓashin dutsen da bakin ƙarfen haƙa ya niƙa. Tana zubowa a kan wata rariyar ƙarfe mai girgiza, mai ƙarar da sai ka toshe kunne. Duk bayan 'yan ƙafafu na zurfi zan sa kwalkwali da tabarau da safar hannu in je in kwaso, in wanke, in zuba a faranti in duba a madubi: yashi ne ko laka, ƙwayarsa manya ko ƙanana, wane launi. Sannan in sa shi ƙarƙashin wata fitila a akwati mai duhu, in akwai mai a jikinsa sai ya yi ƙyalli. Dole kuma in lissafa tsawon lokacin da ɓarɓashin ya ɗauka kafin ya iso sama, in ba haka ba zan rubuta dutse a zurfin da ba nasa ba. Idan haƙa tana sauri, kafin ka gama da faranti ɗaya na gaba ya iso.

Nauyin da ya fi wannan shi ne ido a kan allo. Idan lakar da ke cikin tankuna ta fara ƙaruwa ba tare da an ƙara mata komai ba, ko gas ya yi tsalle, to wani abu ne daga ƙasa ke shigowa ramin, kuma kai ne ɗaya daga cikin waɗanda za su fara gani. Kana ɗaga waya ka sanar da mai tuƙa injin nan take, ko da ƙarfe uku na dare ne, ko da daga baya ya zama ba komai. Rayukan duk wanda ke wurin suna rataye da irin wannan kiran. A wata guda na ga jerin duwatsu da idona fiye da abin da na gani a shekarun makaranta, kuma littattafan da na karanta suka fara ma'ana.

Akwai abin da takarda ba ta nuna mini ba. Salla ina yin ta a kan lokaci, abokin aikina yakan riƙe mini na 'yan mintoci, amma Juma'a sai in muna da yawa kuma aiki ya lafa. Azumi a dutin rana cikin kaya masu kauri da zafin injin ba wasa ba ne. Na yi Babbar Salla a can, na gaisa da su Umma ta waya a bayan kwantena inda sabis ke kamawa. An yi rasuwa a danginmu ina fili, sai bayan sadakar bakwai na iso. Abinci wadatacce ne, sai dai kana marmarin tuwon masara da miyar kuka. Kuma abin da aka gargaɗe ni ya faru: rijiya ta ƙare, aka ce mu jira, muka zauna a gida fiye da yadda aka saba da albashin gindi kawai. Da yake na riga na yi lissafina a kan shekara ba a kan wata ba, tun daga albashin farko nake raba kuɗin fili gida uku, ɗaya na gida, ɗaya na watannin jira, ɗaya na karatu. Shi ya riƙe ni.

Wanda ya karɓi gurbin jami'ar abokin karatuna ne, muna haɗuwa a Yelwa in na dawo hutu. Ya kusa kare kundinsa, ɗalibai suna ce masa Malam, yana ƙorafin kuɗin gwaji da na man babur. Ni na fi shi kuɗi a hannu, shi ya fi ni sanin inda zai kasance nan da shekara goma. Nakan taya shi duba samfuransa na duwatsun Pindiga da Gombe, domin yanzu idona ya faɗa a kan ɓarɓashi, shi kuma yana turo mini takardun bincike da nake karantawa a dutin dare idan an tsayar da haƙa ana fitar da bututu.

Littafin da malamina ya ce in riƙa rubutu a ciki ya kusa cika. Ba na kwafar bayanan rijiyar kowa, wannan amana ce kuma na sa hannu a kanta. Tambayoyina nake rubutawa, kuma mafi yawansu sun koma kan abu ɗaya: yadda za a gane matsin da ke ƙasa tun kafin a iso shi, a irin duwatsun kwarin Gongola da suka fi na Neja Delta tsufa da tauri. Na kai masa shafukan a hutun da ya wuce, ya karanta, ya ce akwai digiri na biyu a ciki in an taƙaita shi. Wa'adin shekara biyun da na sa wa hannu yana cika a baɗi, kuma na fara tattara takarduna don fom ɗin PTDF da na Dahran.